Hantar Tana Ƙasa

Ali Kazaure, Jos
Asabar, kashegarin Babbar Sallah

Taubashina Natana'el,

Ina gaishe ka da sanyin Mambila, idan yatsunka sun yarda ka buɗe takardar nan. Mu nan lafiya lau. Hussaina tana gaishe ka, yara ma haka. Ciwon bayana ya taso saboda ɗinkin Sallah, amma tun da na rufe shago ya fara sakina. Yaya aikin asibitin naku? Har yanzu sai ranar kasuwa kake hawa tudu kafin wayarka ta kama?

Alphonsus direba ya kawo mini takardarka. Na karanta, na sake karantawa, sannan na kwafe maganganunka a littafina kamar yadda na saba, don kada in amsa abin da ba ka faɗa ba. Ka ce masu tayar da bam a coci ba daga sama suka faɗo ba, daga cikinmu suka fito, da littafi a hannunsu. Ka ce kuma duk sanda aka yi ɓarna sai in ce maka jahilci ne, kamar ba ni da wata kalma sai ita. Na yarda na cika faɗar ta. Amma kai ma kana da naka jahilan. A wajenka duk wanda bai yi boko ba bai yi karatu ba, har ka kira ajami tonon kaji.

To ina za ka sa Gwaggo Yael, uwar da ta haife ka? Ka san tarihin, so kake ka manta, bari in tuna maka. Kakana da mahaifinta 'ya'yan wa da ƙane ne. Da ta zama marainiya, a gidan kakana ta tashi, a barikin kuza, ta zauna gaban allo tare da babana, kafin dangin uwarta su ɗauke ta a yi mata baftisma. Har yau ba ta san harafin boko ko ɗaya ba, amma ajami take karantawa ba gargada, ta fi ni sauri. Na san ta roƙe mu kada a ji wannan a cocinku, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kai kaɗai nake tsokana da shi. Ka ba ni amsa: Gwaggo jahila ce ko mai karatu?

Yanzu maganar kula. Ka san jar kularta da take aiko mana da cincin da shinkafa duk Kirsimeti, mu kuma mu riƙe ta sai Sallah ta zo mu mayar da nama, tunda kwano ba ya komawa gida fanko. Hussaina ta gama suya ɗazu. Na cika ta, na manna filasta a murfin, na rubuta mata da ajami kamar kullum: “Gwaggo, ga naki. Hantar tana ƙasa, ki fara cin ta.” Ka san haƙoranta.

Sai dai bana ba ni zan kai ba. Nura ƙanen Hussaina yana bin hanyar Anguwan Rukuba da kekensa na haya, ya ce gobe zai ajiye mata. Ba shi da gemu, kuma yana jin Turancin kasuwa. Na kwatanta masa gidan da cocin. Na gaya wa kaina bayana ne ya hana ni. Da na zo rubuta hakan a littafina sai na tsaya, don ban tabbata gaskiya ce ba. Tun da aka fara tare hanyoyin coci ranar Lahadi, ba na son yadda ake kallon hulata a can.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya kare mu baki ɗaya.

Naka,
Datti


Mambila
Ranar kasuwa

Datti,

Salama a gare ka da iyalinka. Ni lafiyar jiki ina da ita, sauran kuma ban sani ba. Ban ga amsar takardata ba tukuna, amma ba zan iya jira ba.

Na hau tudu yau na samu ƙanwata Faith a waya. Mama tana asibiti. Ranar Lahadi ana tsakiyar sujada wani mai keke ya ajiye ƙunshi a ƙofar cocinmu, da rubutun Larabci a jiki, ya ja kekensa zai tafi. Wani ya yi ihun bam. Ka san ƙofar nan, mutum biyu ba sa wucewa tare. Aka tattake juna. Mama ta faɗi a matakala, hannunta na hagu ya karye. Akwai mace mai ciki da har yanzu ba a san yadda za ta ƙare ba. Matasa sun kama mai keken, da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi. Faith ta ce abin bai tashi ba, wasu na cewa gwaji ne suka zo yi, su ga yadda ake tsaron ƙofa. Kafin in ƙara tambaya waya ta ɗauke.

Datti, ni da kai mun yi shekaru muna gardama muna dariya. Yau ba dariya. Ka gaya mini, mutumin da ya zauna ya rubuta sunan Allahnku a jikin abin da zai kai ƙofar coci, jahili ne? Ai ya iya rubutu. Ka tuna Rwang da muke waƙa tare a ƙungiyar mawaƙan coci, wanda ka ɗinka wa rigar aure? Da takalminsa muka gane gawarsa. Wanda ya yi masa haka an ce ya sauke Alƙur'ani. Kai da kanka ka taɓa gaya mini kana karanta littafin nan ba ka jin Larabci. To yaya aka yi ka san su ne suka karanta ba daidai ba, ba kai ba?

Ba kai nake zargi ba, ka sani. A hannunka zan iya barin Mama in yi barci. Amma na gaji da jin cewa addini bai ce haka ba. Wani yana faɗa musu ya ce, kuma a unguwanninku yake faɗa, da lasifika, kuna zaune a shago kuna ji.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan ba ka riga ka kai wa Mama naman Sallah ba, ka bari. Unguwar ta yi zafi yanzu. Ku cinye, za ta fahimta.

Mai keken nan kuwa, ina addu'a Ubangiji ya ba ni zuciyar yafe masa. Bai ba ni ba tukuna.

Natana'el


Ali Kazaure, Jos

Natana'el,

Ina fata kana lafiya. Mu nan ba wanda ke kwance, amma ba zan ce lafiya ba. Takardarka da tawa sun yi saɓani a hanya. Idan ta farkon ta iso ka, ka riga ka san abin da zan faɗa. Ban kira ka a waya ba don ba na son in faɗi sunaye a waya a kwanakin nan.

Ƙunshin nan kular Gwaggo ce. Mai keken Nura ne. Rubutun nawa ne.

Zan jera maka yadda ya faru, kamar yadda Hussaina ta ji daga bakinsa ta tagar ofishin 'yan sanda. Ya je gidan ya tarar da kwaɗo, don tana coci. Ni na manta da wannan, ni da na san ta fiye da shekara arba'in. Sai ya nufi cocin. Ka san yanzu ba a barin mata su shiga da jaka, a benci ake jera su a bakin ƙofa, kowace ta ɗauki tata in an tashi. Nura bai taɓa zuwa coci ba. Da ya ga jakunkuna a jere sai ya ɗauka nan ake ajiye wa mutane saƙo. Ya so ya yi wa masu gadin bayani, sai ya ga idan aka tambaye shi sunansa zai ce Nura. Ya ajiye kular a ƙarshen bencin, ya juya da sauri. Saurin nan ne aka gani, sannan aka ga rubutun.

'Yan sanda sun buɗe ta, sun ga nama. Wani kofur Musulmi ya karanta musu abin da ke murfin. Da aka gaya wa dattawan cocin sai suka ce Musulmi ya rubuta, Musulmi ya kawo, Musulmi ya fassara. Ban ga laifinsu ba. Aka yi sanarwa ko akwai mai kular a cikin ikilisiya, ba wanda ya amsa. Ban rubuta suna ba, Gwaggo kawai na sa, kuma kowace tsohuwa gwaggon wani ce. Nura ma bai san sunanta ba.

Ogan wajen ya ce ba zai sake shi ba sai wanda ya aiko ko wanda aka aiko wa ya bayyana, don idan ya sake shi haka unguwa za ta kama da wuta. In ba wanda ya zo, zai miƙa shi ga masu binciken ta'addanci, su kuma ba a Jos suke tsare mutum ba, kuma ba a kai musu abinci daga gida. Nura ya ce musu wani fasinja ne ya ba shi. Ya ƙi faɗar sunana don kada a shigo gidan yayarsa. An doke shi a kan haka.

Ni kuma ban je ba. Wannan shi ne abin da na yi: ban je ba. Kullum da safe ina sa riga da niyyar tafiya, sai in tsinci kaina a shago ina yanka yadi. Ina gaya wa kaina dalilina Gwaggo ce. Idan na je, tambayar farko ita ce wa ka aika wa, ta biyu kuma me ya sa ka rubuta wa Kirista da wannan rubutun. Ka san abin da za a ce da tsohuwa mai zama ita kaɗai a Anguwan Rukuba, wadda ake aiko wa saƙo daga Ali Kazaure da rubutun da ita kaɗai ke iya karantawa. Wannan dalili ne na gaskiya. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani, shi ne ina tsoron ɗakin da Nura yake ciki. Na kasa gane wanne ya fi nauyi a cikinsu.

Tambayarka kuwa, ba ni da amsar da za ta ishe ka. Gaskiya ne ba na jin Larabci sai kaɗan. Abin da na sani daga malamaina na ji shi, da babana, wanda ya ɓoye maƙwabtansa Kirista a ɗakin hatsi lokacin rikicin farko, ya ce addini ne ya sa shi. Su ma waɗancan daga malamansu suka ji. Na yi imani nawa ne daidai, kuma zan mutu a kai, amma ba zan iya buɗe littafin in nuna maka da kaina ba. Lasifikar da ka ambata na ji ta. Na taɓa jin wani yana faɗar abin da ya tayar mini da hankali, na rubuta a littafina cewa bai kyauta ba, na rufe littafin, na ci gaba da ɗinki. Ka ga irin mutumin da nake.

Ina neman izininka in ambaci sunan Gwaggo. Kai ne babban ɗanta. Ka amsa da motar da za ta juyo. Matar nan mai ciki an ce ta tashi, cikin ma yana nan, na bincika.

Datti


Mambila

Datti,

Na gode da gaisuwa, ina lafiya. Alphonsus ya yi jinya a hanya, sai ya kawo mini takardunka biyu a tare. Ta farkon na fara buɗewa. Ina dariyar tonon kaji har na iso wajen jar kula.

Na hau tudu ba ranar kasuwa ba, na tsaya har na samu Faith. Ashe ta gane kular tun ranar, a hoton da ke yawo a wayoyi. Ta ce mini ƙunshi don kada in gane. Mama ma ta sani. Tana kwance ana zuwa duba ta ana tsine wa mai keken a gaban gadonta, tana rufe ido kamar mai barci.

Amsata ita ce a'a. Kada ka ambaci sunanta. Kada ka je asibitin, kada ka je gidan.

Kai ba ka zauna a unguwar ba bayan an binne mutane. Akwai samari a layinmu da suka rasa iyayensu, ba sa jiran bayani. An taɓa ƙone ɗakin wani don kawai an ce an ga yana yawan waya da Hausawa. Mama ba ta da miji, ba ta da ɗa a kusa. Cocin nan ne danginta, ƙungiyar zumuntar matan cocin ce abincinta da hirarta. Idan suka juya mata baya, ina za ta? Gidanka?

Na san abin da nake roƙonka. Ina cewa a bar mutumin da ba shi da laifi a kulle don uwata ta zauna lafiya. Mutumin da na ce ban iya yafe masa ba, alhali naman uwata ya ɗauko. Na yi addu'a a kan wannan, ban ji komai ba. Amma kai ka rubuta, kai ka aika, kai ka zaɓi Lahadi. Ka nemi hanyar da ba ta bi ta kanta ba.

Natana'el


Ali Kazaure, Jos

Natana'el,

Ina gaishe ka, idan har yanzu kana karɓar gaisuwata. Na daɗe ban rubuto ba. Da na karanta “kada ka je asibitin, kada ka je gidan”, na ɗauka ka cire ni daga dangi ne, kuma na ga ka yi daidai. Jikina lafiya. Gwaggo an sallame ta, ɗorin yana kamawa. Nura ya fito. Bari in faɗa maka yadda aka yi, don ba yadda kake zato ba ne, kuma ba ni na yi ba.

Takardarka ta ba ni abin da nake nema, wato dalilin zama. Na zauna kuwa. Hussaina ce ke kai wa Nura abinci kullum. Ba ta yi mini faɗa ba, sai dai ta daina zama in ina cin nawa. Ran nan ta dawo ta tsaya a ƙofar shago, a gaban masu jiran ɗinki, ta ce, “Baban Ladi, an ce mota za ta zo ɗaukarsu farkon mako. Ya ce in gaya maka kada ka damu, bai faɗa ba.” Ta juya ta tafi. Na ɗinka hannun riga a wuya ban sani ba.

Ranar Litinin na sa riga biyu, don an ce ɗakin da sanyi. Na shirya abin da zan faɗa: ni na aika, ga wata gwaggota, ba zan faɗi sunanta ba, ku riƙe ni ku sake shi. Ban san ko zan iya tsayawa a kan haka in an fara duka ba. Na shiga ofishin.

Gwaggo tana zaune a benci, hannu a rataye a wuya, da ɗankwalin zumuntar mata a kanta. Faith tana gefenta, da wani dattijon coci.

Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Datti, kai ne sai yanzu? Har na gama.”

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, “Gwaggo, yaya hannun?”

Ta ce, “Hannu yana nan. Ƙafarka nake tambaya. Shekara nawa kana kawo mini naman nan da kanka, kana zama kana shanye mini kunu? Bana me ya sami ƙafarka?”

Na kasa cewa bayana ne.

Faith ce ta ba ni labarin abin da ya faru ranar Lahadi, kwana ɗaya kafin nan. Da aka zo lokacin ba da shaida, Gwaggo ta miƙe. Kowa ya zaci godiyar warkewa za ta yi. Sai ta ce, “Jar kular nan tawa ce. Ni ce Gwaggo.” Ta ce a ba ta waya mai hoton, ta kai kusa da ido, ta karanta musu har wajen hanta. Wani saurayi daga baya ya ce, “Mama, ashe ke Musulma ce?” Ta ce, “An yi mini baftisma ubanka yana tsirara.” Sannan ta buɗe littafin waƙoƙin da take riƙewa duk shekarun nan, ta zaro takardun da ke tsakiya. Ashe waƙoƙin sujada ne ta rubuta wa kanta da ajami, su take dubawa ana zaton littafin take karantawa. Faith ta ce wasu sun yi dariya, wasu sun yi kuka, wasu sun fita. Mama Gertrude, wadda suke zama benci ɗaya tun kafin a haife ka, ta ɗauki littafinta ta koma wani layi. Da yamma aka aiko cewa Gwaggo ta ɗan huta da shugabancin zumunta tukuna. Ba a taɓa gidan ba. Rabaran ya sa mutum biyu suna kwana a ƙofar.

Ogan ya sa ta karanta murfin a gabansa, ya sa ni ma na rubuta irinsa a takarda ya gwada. Ya dube ni ya ce, “Malam, ashe kai ne tela. Duk wannan wahala, kana gida kana ɗinki?” Na ce e. Ya sa na rubuta bayani, ya ce in tafi.

Da aka fito da Nura ban gane tafiyarsa ba. Kunnensa na hagu ba ya ji, likita ya ce a jira a gani. Wanda ya ba shi keken haya ya riga ya ba wani. Gwaggo ta kama hannunsa ta ce, “Ɗana, ina kwance ina ji ana zaginka, na yi shiru. Datti tsoro ya hana shi, ni kunya. Ka yafe wa tsohuwa.” Ya ce ba komai, Mama. Sannan ya juyo da kunnen da ke ji wajena ya ce, “Yaya Datti, sannu da zuwa.” Da ladabi ya faɗa, kamar yadda yake gaishe ni kullum. Na fi son da ya zage ni.

Kafin mu fita Gwaggo ta ce a ba ta kularta. Suka ce an fasa murfin wajen buɗewa. Ta ce a ba ta haka. Faith ce ta ɗauko ta, tana wari.

Ban ambaci sunanta ba, kamar yadda ka ce. Na cika maka wannan. Ina ta duba littafina ko zan ga ranar da ya kamata in tashi ban tashi ba, sai na ga kowace rana ce. Nura yana ɗakin zaurenmu yanzu. Yana cin abinci, yana gaishe ni. Ba mu yi maganar ba.

Datti


Mambila

Taubashina Datti,

Gaisuwarka ta iso kuma na karɓa. Ina lafiya. Ka gaida Hussaina, ka gaida Nura ta kunnen da ke ji, ka ce masa wani mai laifi a kansa yana gaishe shi. Kai ma da fassara! Na ce kada ka je don kada a kashe ka a layinmu, ba don na cire ka ba. Wa zan samu in yi gardama da shi?

Tare da takardarka Alphonsus ya miƙo mini wata. Daga Mama. Ba ta taɓa rubuto mini da hannunta ba, Faith take sa wa. Na buɗe na ga tonon kaji shafi guda. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa. Ni da nake karanta sunan magani da Turanci a ba ni hannu, na kasa karanta uwata.

Akwai wani malami Bafulatani da ke sayar da maganin shanu kusa da masallacin kasuwa. Na yi ta zagaya rumfarsa kafin in tsaya. Na cire takalmi na zauna a tabarmarsa. Ya fara karantawa, da ya iso “cikin sunan Yesu Mai Ceto” ya ɗaga ido ya dube ni, ya gyara tabarau, ya ci gaba bai tsallake komai ba. Da ya gama ya ce hannun tsohuwar nan ya fi nasa kyau.

Ga abin da ta ce. Ta ce ta ji na hana ka faɗar sunanta, to sunanta nata ne, ba ni na raɗa mata ba. Ta ce Mama Gertrude har yanzu ba ta gaishe ta, kuma abin yana mata ciwo fiye da hannun. Ta ce in ina son amsa mata in koyi rubutun, ko in ci gaba da zama a tabarmar mutane.

Maganar bam ban janye ba, Datti. Rwang yana cikin ƙasa, lasifikar nan kuma tana nan, kuma ina so wata rana ka rufe littafinka ka buɗe bakinka. Amma tambayar da ka yi mini tun farko, ko Mama jahila ce, na amsa ta a kan tabarmar nan.

Saura ƙarshen takardar. Ta ce ta ɗaure murfin kular da waya, ta wanke ta da toka. Ta ce in zo gida Kirsimeti, kuma bana ba Faith za ta aika ba, ba direba ba. Ni zan ɗauki kular in kai Ali Kazaure da ƙafata, in miƙa wa Nura a hannunsa, ba kai ba.

Rabona da shiga unguwarku tun kafin a binne Rwang.  Yanzu na san abin da ya sami ƙafarka.

Zan zo. Ka jira ni a bakin titi inda ake sauke fasinja, ka sa hularka, ka tsaya inda kowa zai ga tare muke.

Naka,
Natana'el